Yaran Midwich: tarihin wani littafi da finafinansa, daga 1957 zuwa 2022

Gabatarwa

Da ina ƙarami, a wani gidan bidiyo na unguwarmu a Maradi, inda ake biyan dala biyar a zauna bisa benci, na ga wani fim da Faransanci wanda ya hana mini barci. Yara ne masu farin gashi, suna tafiya biyu-biyu cikin kaya iri ɗaya, ba dariya ba wasa. In babba ya ɓata musu rai sai su tsaya su zuba mishi ido, idanun su yi haske, shi kuwa ya juya ya halaka kanshi da hannunshi. Sai da na shiga lise na gane cewa fim ɗin shi ne Le Village des damnés na 1995, cewa maimaici ne na wani fim na 1960, shi kuma daga wani littafi na 1957 aka ciro shi.

Tarihin wannan littafi da abin da masu silima suka yi da shi cikin shekara 65 nike son in ba ku. Da farko na ɗauka labarin ƙarfin yaran ne. Da na bi sawunshi sai na ga duk wanda ya sake ɗauko shi tambaya guda yake amsawa: mi manya za su yi da yaron da ya fi ƙarfinsu, kuma in aka kashe shi, laifin wa?

Marubucin da zamaninshi

John Wyndham Bature ne ɗan Ingila. An haife shi a 1903, ya rasu a 1969. Ya daɗe yana rubuta ƙananan labarai ga mujallun Amurka da sunaye daban-daban ba tare da ya yi fice ba. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin tace wasiƙu ga gwamnati, daga baya ya shiga soja ɓangaren sadarwa, har aka kai shi Normandi a Faransa. Sunanshi bai fito ba sai 1951, da littafin The Day of the Triffids, labarin tsirrai masu tafiya da mutanen da suka makance.

A wannan zamani zancen ƙarfin tunani ya cika kasuwar ƙagaggun labaran kimiyya. Asalin abin daga jami'ar Duke ta Amurka ne, inda wani malami mai suna J. B. Rhine ya fitar da littafi a 1934 yana cewa wasu mutane na iya sanin abin da ke zuciyar wani. Da kati 25 yake gwaji, masu alama iri biyar: da'ira, murabba'i, tauraro, gicciye da layukan igiyar ruwa. Wani ya dubi katin, wani ya faɗi abin da ke kai ba tare da ya gani ba. Mai kintace kawai zai dace da wajen biyar cikin 25, shi kuwa Rhine ya ce nashi mutanen sun wuce haka. Wasu masana sun sake gwajin da tsauraran sharuɗɗa ba su samu abin da ya samu ba. Amma marubuta ba su jira hukuncin masana ba. Littafin da ya fara cin kyautar Hugo a 1953, The Demolished Man na Alfred Bester, labarin ƴan sanda ne masu karanta zuciya.

Wyndham ya shiga wannan fage sau biyu, kuma abin lura shi ne ya tsaya gefe biyu. A 1955 ya fitar da The Chrysalids, inda yara masu magana zuci da zuci su ne abin tausayi: suna ɓoye baiwarsu don kada iyayensu masu tsananin aƙida su halaka su, kuma da bakin ɗaya daga cikinsu ake ba da labarin. Bayan shekara biyu ya juya, ya rubuta The Midwich Cuckoos daga gefen manya. Da Faransanci an kira shi Les Coucous de Midwich.

Kuku wani tsuntsu ne da ba ya gina sheƙa. Macen na zuwa ta saka ƙwanta cikin sheƙar ƙaramin tsuntsu ta yi tafiyarta. In ɗan ya ƙyanƙyashe sai ya ture ƙwan masu gida ƙasa, su kuma su yi ta ciyar da shi har ya fi su girma. Mu nan mun san ɗan uwan wannan: ana sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da ɗiyan da ba nata ba. Bambancin shi ne mai kaza ya san abin da ya yi. A Midwich babu wanda ya san hannun da ya kawo ƙwan.

Ku tuna kuma da shekarar. A 1956 Ingila ta sha kunya a rikicin Suez, ta gane ba ita ke da duniya ba yanzu. A watan Mayu na 1957 ta fara gwajin bam ɗin haidirojin a tekun Pasifik, a watan Oktoba kuma Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik. A cikin gida, dattawan da suka yi yaƙi suna kallon samari masu sabon kiɗa da sabuwar shiga kamar wasu baƙi. Littafin ya faɗo cikin ƙasar da ke tsoron sama, tana kuma tsoron ɗiyanta.

Abin da littafin ya ƙunsa

Midwich ƙauye ne ƙagagge, irin wanda ba abin da ke faruwa a ciki. Daren 26 ga Satumba duk mai rai a garin ya faɗi ya sume: mutane, shanu, tsuntsaye. Duk wanda ya ƙetare wata iyaka da ba a gani shi ma sai ya zube. Sojoji suka riƙa tura tsuntsu cikin keji bisa doguwar sanda don su gane inda iyakar take, suka tarar da'ira ce mai faɗin kilomita uku da ɗan wani abu. Jirgin sama ya ɗauko hoton wani abu mai launin azurfa a tsakiyar garin. Bayan fiye da kwana guda abin ya ɓace, mutane suka farka. Wasu gobara ta ci su, wasu sanyi ya kashe su, saura kamar ba abin da ya same su.

Bayan ƴan makonni sai aka gane duk macen da ta isa haihuwa tana da ciki: matan aure, zawarawa, ƴan mata da ba su san namiji ba. A nan Wyndham ya yi jinkiri, kuma nan ne littafin ya fi daɗi. Kowace tana ɓoye nata cikin kunya, tana tsammanin ita kaɗai ce. Wasu sun nemi zubarwa a ɓoye, don a lokacin doka ta hana. Sai a 1967 Ingila ta sassauta dokar. Likita da limamin coci da matar wani dattijo suka tara matan suka faɗa musu gaskiya, garin kuma ya yi shawarar rufe bakinshi kada ƴan jarida su ji.

Aka haifi yara 61, maza 31 mata 30, duk masu idanu launin zinariya, duk kama ɗaya, ba wanda ya ɗauko uwa. Tun suna cikin zanen goyo ƙarfinsu ya bayyana. Uwar da ta bar garin da jaririnta sai ta ji ƙafarta ta dawo da ita ko ba ta so. Wata ta soki jariri da allura bisa kuskure, sai aka tarar tana ta sukar kanta da allurar ba ta iya bari. Dattijon nan, Gordon Zellaby, marubuci mai yawan tunani, shi ya gano sirrinsu. Ya ba yaro guda wani ɗan akwati mai wuyar buɗewa da alawa a ciki, ya nuna mishi dabarar. Nan take duk mazan suka iya, ko da ba su wurin. Matan ba su iya ba sai da aka nuna wa ɗaya daga cikinsu. Ke nan ba yara 61 ba ne, rai biyu ne cikin jiki masu yawa.

Suna shekara tara sun yi kamar ƴan sha shida. Gwamnati ta ware musu wani babban gida ana koya musu karatu ana kuma nazarinsu. Wani saurayi ya buge ɗaya da mota ba da gangan ba, suka sa shi ya tuƙa motar cikin bango. Ɗan uwanshi ya ɗauko bindiga don ramuwa, suka sa ya juya ta kanshi. Mutanen gari suka taso da dare za su ƙone gidan, yaran suka sa su faɗa wa juna. Daga nan wani jami'in leƙen asirin soja ya bayyana cewa ba Midwich kaɗai ba ce. A wasu wurare jariran sun mutu, a wasu mutane sun kashe su tun ranar haihuwa. A Tarayyar Sobiyet an bar su sun girma a wani gari, daga baya gwamnati ta harba wa garin makamin nukiliya, da yaran da iyayen duka.

Yaran Midwich sun san wannan, kuma sun faɗa wa manya ƙarara cewa zancen na jinsi biyu ne da ba za su zauna duniya ɗaya ba, sannan ƙasa mai doka da zaɓe kamar Ingila ba ta iya yin abin da Rasha ta yi. Suka nemi a ba su jirgi su tafi wani wuri su ƙara ƙarfi. Zellaby shi kaɗai suka yarda da shi. Shi ke koya musu, shi ke kawo musu alawa, shi ke nuna musu silima. Yana da ciwon zuciya, ya san kwananshi sun kusa. Wani dare ya ɗauki kayan nuna fim ya tafi gidansu, da bam a ɓoye cikin akwatunan. Ya mutu tare da su.

1960: farin gashi da bangon bulo

Kamfanin MGM ya sayi labarin tun da wuri, da niyyar yin shi da ɗan wasa Ronald Colman. Aikin ya tsaya, har da fargabar abin da malaman coci za su ce bisa haihuwa ba uba da ta zama sharri, Colman kuma ya rasu a 1958. Daga baya aka maida aikin Ingila aka ba Wolf Rilla. Shi haifaffen Berlin ne, iyalinshi sun bar Jamus bayan hawan ƴan Nazi. An ɗauki fim ɗin a ƙauyen Letchmore Heath kusa da Landan, baƙi da fari, minti 77, ya fito a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, da suna Village of the Damned, wato ƙauyen la'anannu.

Abu uku aka sauya, kuma su ne mutane suka riƙe har yau. Na farko, yara 61 sun koma 12, aka sa musu hular farin gashi, aka sa idanunsu na haske in za su yi aiki. Shekara 15 kacal bayan faɗuwar Hitler, ba sai an gaya wa ɗan Turai abin da rukunin yara masu farin gashi da tafiyar soja ke tuna mishi ba. Na biyu, shugaban yaran, David, an maida shi ɗan matar Zellaby, alhali a littafi ɗan da ta haifa na mijinta ne, lafiyayye kamar kowa. Ke nan George Sanders, wanda ya fito a Zellaby, yaron gidanshi zai kashe. Na uku, an ba yaran ikon karanta zuciyar manya. Wannan ya haifi ƙarshen da ya fi kowane sashe suna: Zellaby na tsaye gaban aji, bam cikin jakarshi, yana tilasta wa ranshi tunanin bangon bulo don kada su gani. Yaran suka zuba mishi ido, ana nuna bangon yana ɓantarewa bulo bayan bulo, suka hango bam ɗin daidai lokacin da agogo ya cika. Wannan bango ba ya cikin littafin Wyndham.

Fim ne na kuɗi kaɗan, ya kuma kawo riba. Amma ya bar abu guda a baya. Wahalar matan, wadda ta ci babban sashe na littafin, a nan ƴan mintoci aka ba ta, labarin ya koma na maza masu shawara cikin ofis.

1964: laifi ya koma kan manya

Riba ta jawo na biyu, Children of the Damned, wanda Anton Leader ya shirya, John Briley ya rubuta, shi ne wanda daga baya ya ci kyautar Oscar da fim ɗin Gandhi. Ba ci gaban labarin Midwich ba ne. Wani binciken UNESCO ne ya gano yara shida masu basira fiye da misali, daga Ingila, Amurka, Tarayyar Sobiyet, Sin, Indiya da Najeriya. Ku lura da wannan: shekara huɗu bayan ƴancin maƙwabtanmu, ga yaro baƙar fata cikin waɗanda aka ce su ne gaban ɗan Adam, farin gashin nan kuma an aje shi.

Aka kawo su Landan, kowane ofishin jakadanci yana son nashi ya koma gida ya ƙera mishi makami. Yaran suka gudu suka taru cikin wata tsohuwar coci da aka bari. Suna kisa, amma galibi sai in an zo musu da makami. A ƙarshe soja sun kewaye cocin, manya sun fara sauka daga niyyar hari, sai wani ɗan sukurdireba ya faɗa bisa na'ura ya ba da alamar buɗe wuta. Aka kashe su ba tare da kowa ya yanke hukuncin ba. Wanda ya tuna yadda duniya ta kusa ƙonewa a rikicin Kuba na Oktoba 1962 ya san inda aka samo wannan tsoro. A nan yaran sun koma kusa da na The Chrysalids, manya ne abin tsoro.

1995 da 2022

Wanda na gani a Maradi na John Carpenter ne. Ya ɗauke Midwich ya kai ta bakin teku a Kaliforniya. Christopher Reeve ya fito a likitan gari, Kirstie Alley a likitar gwamnati mai ɓoye abin da ta sani, Mark Hamill a limamin coci. Fim ɗin ya fito a watan Afrilu, a watan Mayu Reeve ya faɗo daga doki ya shanye har ƙarshen rayuwarshi. Kasuwa ba ta karɓi fim ɗin ba, kuma gaskiya jini ya yi yawa inda na 1960 ya yi aiki da shiru.

Duk da haka ya kawo sabon abu biyu. A Amurkar 1995 mace na da zaɓin zubar da ciki, don haka sai da labarin ya nuna gwamnati na tayin kuɗi kowane wata ga wadda ta yarda ta haihu a yi nazarin ɗan. Sannan mata goma suka haihu, jaririya ɗaya ta zo ba rai, saura tara. Yaran biyu-biyu suke, mace da namiji, sai David ya rasa tashi abokiyar. Wannan rashi ya koya mishi abin da sauran ba su sani ba, wato zafin mutuwar wani. Da likita ya zo da bam da bangonshi na bulo, uwar David ta fitar da shi. Karo na farko ke nan da aka bar ɗaya ya rayu.

A 2022 tashar Sky ta Ingila ta maida labarin shiri mai kashi bakwai, David Farr ya rubuta, aka dawo da sunan littafin. Zellaby ya zama mace, Susannah, likitar halayyar yara, Keeley Hawes ta fito a ita, kuma ɗiyarta na cikin masu cikin. Yaran ba su da farin gashi, kowane ya yi kama da uwarshi, fari da baƙi. Abin da fim ɗin 1960 ya tsallake, wato mi mace ke ji in ta goyi abin da ba ta nema ba kuma ta so shi duk da haka, shi ya zama gindin shirin.

Kammalawa

In muka jera su, ga abin da ya fito. A 1957 yaran wani jinsi ne, kashe su wajibi ne mai ɗaci. A 1960 sun ɗauki kamar abokin gaban da aka yi yaƙi da shi. A 1964 su aka zalunta. A 1995 an yarda ɗaya na iya koyon tausayi, a 2022 kuma an koma wajen uwaye aka tambaye su. Ƙarfin yaran bai sauya sosai ba cikin shekarun nan. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne yawan uzurin da ake ba manya.

Akwai wurin da har yau nike tsayawa in na sake karanta littafin. Bindiga ba ta ci yaran ba, taron gari bai ci su ba, soja ma sun rasa dabara. Mutum guda da suka sake jiki da shi, malaminsu mai kawo alawa, shi ya iya. Wyndham ya gina labarin yadda mai karatu zai ce Zellaby ya yi daidai, don ya riga ya nuna mana da idonmu cewa yaran na kisa da tunani. To amma wannan cikin littafi ne. A waje babu wanda ya taɓa tabbatar da irin wannan ƙarfi, ko Rhine da katunanshi. Mu kuwa mun san yadda ake yi a unguwa in aka fara raɗa cewa yarinya kaza mayya ce, don ba ta da surutu, ko don tana kallon mutane da yawa, ko don wani ya yi zazzaɓi bayan ta wuce. Ba a jiran hujja. Kuma sau da yawa wanda ake turawa ya lallashe ta ta amsa laifin da ba ta yi ba, shi ne wanda ta fi yarda da shi cikin gidan.

Da yawa daga cikinmu masu rubutu a wanga littafi gaban aji za mu ƙare, mu zama su mushe da madam. Wata rana za a ba mu yaron da ya fi mu saurin fahimta, ko wanda ba mu gane kanshi ba, mutane kuma su ce mu ne yake jin maganarmu. Wanda ya samu hali ya nemi littafin a ɗakin karatu, da Faransanci ma akwai shi, ya karanta shi tare da The Chrysalids, ɗaya bayan ɗaya, sannan mu yi muhawara a zamanmu na gaba. Ni dai na fi karkata ga na 1955, amma ina son in ji wanda zai kare Zellaby.